Yayen Uwaisu

"Har yanzu tana bakin kogin?"

"Tana nan," in ji Bilki, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Wannan baiwar Allah ƙafarta ba ta ciwo? Ki miƙa mata kujera mana, ko ki turo kwalekwale ta haye, kowa ya huta."

Tukur yana faɗa yana dariya, yana goge hannu a rigar aikinsa da ruwan rake ya daskarar. Daga wurin matse rake ya dawo cin abincin rana, jikinsa na ƙanshin hayaƙi da mazarƙwaila. Matar da yake tambaya kuwa ba a gidan take ba, ba ma a duniya take ba. Mairama ce, wadda matarsa Bilki ta ƙirƙira a littafin da take rubutawa. Ta kai ta bakin kogi tana jiran masoyinta ya dawo daga fatauci, ta bar ta tsaye a can kusan shekara biyu ke nan.

Bilki ba ta yi dariya ba. Ta juya masa takardar da ke kan tebur. Fara ce fat in ban da layi ɗaya a sama, shi ma ta soke shi da ƙarfi har alƙalami ya huda.

"Malam, ka daina mini wannan wasan. Abin ya tafi."

"Ya tafi ina? Kan nan dai shi ne, ban ga an sake miki wani ba."

"To a buɗe a duba. Babu kowa a ciki."

A shekarar da aka samu 'yancin kai Bilki ta gama makarantar horon malamai mata, kanta cike da littattafai, na Hausa da na Turanci da waɗanda aka fassaro daga Larabci. Ta yi aure a Makarfi, ta ajiye alli, amma ba ta ajiye alƙalami ba. Da cikinta ya tsufa ta rubuta babi uku, kalmomin na zuwa mata tun kafin ta neme su. Tukur ya naɗe takardun a rawani ya kai ofishin buga littattafai a Zariya. Editan, wani dattijo mai tabarau, ya karanta a tsaye, ya ce matan da ke rubutu ba su cika hannu ba, a ƙarasa a kawo. Sai aka haifi Uwaisu. Daga nan rubutu ya ƙafe. Yanzu editan ya aiko cewa in damina ta faɗi ba a kawo ba, za su ba wani gurbin.

Bilki ta daɗe tana ɗora laifin a kan yaron. Da ta tsoma alƙalami a tawada sai ya farka. Da ya soma rarrafe ya kifar da kwalbar, da ya soma tafiya ya cinye gefen babi na biyu. Wata rana tana kuka ta ce wa mijinta, "Shiru kawai nake nema, ko na 'yan kwanaki." Tukur mutum ne da in matarsa ta ce tana son wata, sai ya fara neman tsani. Da lokacin yaye ya yi, mahaifiyarsa Inna Hajo ta zo ta goya yaron ta tafi da shi Gubuchi kamar yadda ake yi, shi kuma ya sa kafinta ya yi tebur, ya roƙi maƙwabciyarsu Azumi ta riƙa yi musu daka, ya sayo takardu masu kyau daga Zariya.

Ta samu shirun da ta nema. Shiru ne mai nauyi, wanda ke shigowa ɗaki ya zauna mata a kafaɗa. Tana jin kukan kurciya a kan darbejiya, tana jin ƙarar injin matsa daga bakin fadama, yadda dokin ke zagaye yana jan sa. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, ta ɗaure shi da zane, duk da haka rigar kan jiƙe da hantsi, daidai lokacin da yaron ya saba nema. Ta karanta duk abin da ke gidan ko za ta kama zaren wani. Ta yi alwala ta zauna. Ta juya teburin ya fuskanci bango, ta sake juya shi ya fuskanci ƙofa. Mairama dai na bakin kogi.

Kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. Uwaisu ɗan fari ne. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Uwarta Bafillatanar Saulawa ce, ta hore ta a kan haka tun kafin ta san ma'anarsa. In aka tambaye ta yaron sai ta kau da kai. Shi ma Tukur haka. Ko su biyu ne a ɗaki, "mutumin" suke cewa, su wuce da sauri zuwa wata maganar.

Tukur ya wanke hannu ya zauna gaban kwanon tuwo. Ya ɗan yi loma biyu, sannan ya ce, yana kallon miya, "Yau kasuwa. Inna na tafe."

Bilki ta ɗago kai. Ta gyara murya. "Ita kaɗai?"

"Da mutumin."

"To." Ta shiga jera takardun da suke a jere. "Yayen ya ƙare ke nan."

"Ya ƙare. An ce yana shan fura kamar Bafillace." Ya sake kallon miya. "Kayansa za ta kwasa. Mun yi magana da ita, zai zauna a wurinta."

"Har yaushe?"

"Zama dai. Kin san ita kaɗai ce tun rasuwar Baba. Kuma ke ga aikinki."

Bilki ta tsaya da takarda a hannu. "Yaushe aka yi wannan maganar?"

"Ai a gabanki aka fara. Ranar da ta zo ɗaukarsa ta ce ko a bar mata shi gaba ɗaya, kika ce naku ne, ina ruwanki."

"Malam, me kake so in ce a gaban Inna?"

"Abin da kika ce ɗin."

"To shi kowa ke cewa."

Ya ɗago ya dube ta, kamar zai tambayi wani abu. Ta ga tambayar ta zo masa har baki. Amma sai aka yi sallama a zaure, muryar tsohuwa mai kaifi, da wata ƙaramar murya a bayanta tana kwaikwayon sallamar.

Inna Hajo doguwa ce siririya, ta shigo da ƙullin daddawa a ka, tana janye da jikanta. An yi masa aski, an saka masa riga sabuwa mai girma har gwiwa. Bilki ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa daga gefe kanta a ƙasa.

"Inna, kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya gida, ya ɗawainiya? Ya karatun naki?"

"Da godiya."

"Madalla. Ga mijina na kawo ku gani, kada ku ce na cinye shi. Ba ya kawo cefane, ba ya noma, sai cin tsiya. Kwanon nan nawa sai ya lashe shi yake barci."

Tukur ya yi dariya ya gaishe ta. Bilki na kallon ƙasa, don haka ƙafafun yaron ta fara gani. Sun yi kaushi. Akwai ƙaramin ciwo a babban yatsa, an shafa masa toka. Ƙafafun suka tsaya, suka juyo, sannan suka taho da gudu.

"Bibi."

Haka yake kiranta. Ya faɗo jikinta da dukan nauyinsa, ya cusa fuska a wuyanta, yana ƙanshin man shanu da hayaƙin ɗakin wata. Hannuwanta suka tashi da kansu. Ta mayar da su kan cinya ta danne. Ta ji nono ya zubo a ƙarƙashin ɗaurin.

"Je ka wurin Inna," ta ce da murya ƙasa-ƙasa, tana kallon bango.

"Bibi, ciwo." Ya ɗaga ƙafar yana nuna mata yatsan.

Ba ta duba ba. Ya sake ɗagawa har ya kusa faɗuwa, ya riƙe mata kunne don ya juyo da fuskarta. Ta bar shi yana ja, ba ta juyo ba.

"Kai, rabu da ita," in ji Inna Hajo, tana dariya. "A gabana kake bin wata? Zo nan, mara kunya."

Tukur ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan gutsuren mazarƙwaila a naɗe cikin ganye. Ya juya shi a hannu, ya rasa yadda zai yi, sai ya ajiye a bakin tabarma ya ce, "Ƙudaje sun dame ni da wannan abu." Yaron ya saki kunnen ya tafi wurin zaƙi. Uban ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki.

Inna Hajo ba ta da niyyar daɗewa. Ta ce a haɗa mata kayan, za ta biya gidan ƙanenta Baba Sada ta yi la'asar, daga nan motar Gubuchi. Bilki ta shiga ɗaki. Kayan ba su da yawa: riguna, ɗan bargo, ƙaramin kwanon sha da ya lotse a gefe, da wata mota ta kara da Tukur ya ce wai tsinta ya yi a hanya. Ta ɗaure su a zane. Sau biyu ƙullin na kwancewa.

Da ta fito ta ajiye, tsohuwar ta dube ta da kyau. Ba muguwa ba ce. Muryarta ma ta yi laushi.

"Ni ma haka aka yi mini da yayan mijinki. Ban mutu ba. Kwana kaɗan ne, ki ga wani ya zo. Ko kina da magana, 'yar nan?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Bilki ta ji maganar ta taso tun daga cikinta, ta hau ƙirji, ta zo maƙogwaro. Ta ji idon mijinta a kanta. Ta tuna fuskar uwarta in labari ya kai Saulawa cewa 'yar boko ta buɗe baki ta nemi ɗan fari a gaban suruka.

"Babu, Inna. Ai naku ne."

"Allah ya yi miki albarka."

Aka goya Uwaisu. Bakinsa ya yi danƙo da mazarƙwaila, bai gane ba sai da suka kai zaure. Daga can ta ji ya kira ta sau ɗaya, ba da kuka ba, da mamaki. Tukur ya raka su, daga nan ya wuce wurin matsa, don an bar kasko a wuta.

Bilki ta tsaya a tsakar gida har kaji suka dawo suna tsattsagar inda aka zauna. Ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙi zuwa, kamar yadda komai ya ƙi zuwa. Ta koma ɗaki don ba ta san inda za ta ba, ta zauna a teburin don shi ne a gabanta. Ta dubi layin da ta soke. Mairama ta tsaya a bakin kogi tana duban hanyar da kwalekwale zai ɓullo.

Sai ta ga ba haka ba ne. Ta ga matar sarai, har da laka a dugaduganta. Kwalekwalen ba tahowa yake ba, tafiya yake. Kuma ba wani masoyi a ciki. Yaro ne a bayan wata tsohuwa, yana waiwaye, mata masu wanki sun cika bakin ruwa suna kallo, Mairama kuwa ta kafa ido a kan wata bishiya a ƙetare don kada a ce ta duba.

Ta tsoma alƙalami.

Ba ta san ta fara ba sai da ta juya shafi. Kalmomin ba irin na babi ukun farko ba ne, masu kwalliya da ta koyo a littattafai. Gajeru ne, wasu ma ba su da kyau. Ta rubuta yadda hannu ke tashi da kansa a danne shi. Ta rubuta ƙanshin ɗakin wata a wuyan ɗanka. Ta rubuta abin da Mairama ke faɗa a ciki alhali bakinta na cewa naku ne, duk abin da ba a faɗa, da sunan yaron sau da yawa a jere kamar mai jan carbi. Tawada ta ɓata mata yatsu, ta goge ido da su, fuskar ma ta ɓaci. Ƙirjinta na zafi, bayanta na ciwo, ba ta tsaya ba. Rabonta da jin haka tun tana da ciki: kai ka ce wani ke karanto mata, ita tana bi da gudu kada ya wuce.

Inuwa ta fara miƙewa a tsakar gida lokacin da Tukur ya dawo yin alwala. Ya leƙo, ya ga takardu a baje har ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya ga barewa yana tsoron ta gudu. A hankali ya durƙusa ya tsince su, ya karanta a tsugune, yana motsa leɓe. Ya kai wani wuri ya tsaya, ya share fuska da hannun riga, ya ce hayaƙin kasko ne.

"Bilki, wannan ya fi na farkon. Wallahi ya fi. Dattijon nan sai ya cire tabarau ya goge."

Ta ajiye alƙalamin, yatsunta sun ƙage.

"Kin gani ko? Shirun ne. Da ma lokaci yake so. In kika riƙe haka, kafin ruwan farko kin gama. Inna ta yi mana dabara."

Ta juyo ta dube shi. Fuskarsa cike da murna ta gaskiya, idonsa kuma jajir. Ta ga yana ƙoƙarin yarda da abin da yake faɗa.

"Wato in bar shi can, in riƙa kuka ina ɗiba da alƙalami."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka zai zama. Malam, ka karanta. Shiru ka gani a ciki?"

Ya dubi takardun. Ita ta ci gaba.

"Shekara biyu babu abin da ke raina sai shi. In na zauna, shi ne. In na rufe ido, shi ne. Ni kuma ina ta kewaye shi ina neman wani fatake da ban taɓa gani ba. An ce kada in faɗa da baki, sai na hana hannun ma."

"To yanzu ai hannun ya saki."

"Ya saki."

"In ya dawo fa? Ya kifar da tawada, ya hau tebur, ya hana ki barci. In abin ya sake tafiya? Damina ba za ta jira ba, Bilki. Kuma ban san ko za a sake buɗe miki ƙofar nan ba."

Wannan ne abin da take tsoro, kuma ya faɗe shi daidai. Ta dubi shafukan da ke hannunsa. Ta ga littafin da bango, da sunanta a kai, a hannun 'yan mata a makarantar da ta yi. Ta so shi, har yanzu tana son sa, so mai zafi. Ba ta da tabbacin komai. Mai yiwuwa ne gobe ta zauna da yaro a cinya ta tarar kan ya sake zama kango.

"Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila ya tafi."

"Kuma Inna. Kin riga kin ce mata babu magana. Sau biyu."

"Na ce."

"Za a yi da ke har Saulawa."

"Za a yi." Ta dube shi. "Kai fa? Tun da aka tafi da shi ban ji ka ce komai ba. Kana so ya zauna can?"

Tukur ya sunkuyar da kai. Ya daidaita takardun a gwiwarsa, ya sake daidaita su. Namiji ne da ke ɗaga kaskon ruwan rake mai tafasa ba ya ko gezau, amma yanzu ya kasa ɗaga ido.

"Gidan ya yi faɗi," ya ce da ƙyar. "Na ɗauka ke kike so."

"Ni kuma na ɗauka kai ne."

Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya. Bilki ta miƙe. Ta rufe kwalbar tawada, ta ɗora ta can saman bango inda ƙaramin hannu ba ya kaiwa. Ta jawo mayafi daga kan ƙofa, ta ɗauki zanen goyo ta saɓa a kafaɗa.

"Ina za ki yanzu haka? Ki bari in je in lallaɓa ta, in ce ko bayan salla..."

"In kai ka je, za ta ce me uwar ta ce, ka ce ta ce naku ne. Bakina ya ba da shi."

"Ko fuskar ba za ki wanke ba? Duk tawada ce."

"A gan ta." Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta sauke murya ba. "Sa takalminka ka raka ni gidan Baba Sada kafin mota ta tashi. Zan durƙusa a gaban Inna in ce ina da magana. Zan ce ta ba ni Uwaisu. Littafin kuma da shi a bayana zan ƙarasa, ko ya kai damina ko bai kai ba."